Godiya ga duk wanda ya sa hannu Fijota ta sake hawa titi

Assalamu alaikum warahmatullah.

Ranar Juma'ar da ta gabata, Fijo 504 ɗina ta fita daga gida da ƙafarta, bayan shekara 13 tana kwance a rumfar bayan gida. Alhamdu lillahi. Tun daga ranar wayata ba ta huta ba, kowa yana yi mini barka, wasu har suna cewa na yi namijin ƙoƙari. Na ji daɗin wannan, amma idan na karɓi yabon ni kaɗai na ci haƙƙin mutane da yawa. Shi ya sa na zauna na rubuta wannan.

Na sayi motar nan sabuwa fil a 1982, da bashin mota da aka riƙa cira a albashina. Haɗin Kaduna ce, daga kamfanin Peugeot da aka buɗe a Kakuri a 1975. Lokacin ina malamin gona, kuma Bauchi da Gombe jiha ɗaya ce, don sai a 1996 aka raba. Saboda haka babu inda ba ta taka ba: Ningi, Toro, Dass, Dukku, Ɓilliri, Kaltungo. Ta ɗauki taki da iri, ta kai amare, ta kai masu naƙuda asibiti cikin dare. A 2011 ina dawowa daga Alƙaleri tiyon ruwa ya fashe, ban lura da allurar zafi ba sai da hayaƙi ya turnuƙe bonet. Tof-silindar 504 na alminiyam ne, ba ya jure irin wannan zafin. Ya lanƙwashe, ruwa ya haɗu da baƙin mai. Aka jawo ta gida da igiya, na ce bayan Sallah zan gyara.

Salloli suka yi ta wucewa. Rumfar ta zama wurin ajiyar duk abin da aka rasa inda za a kai: buhunan masara, tsohon keken ɗinki, janareta biyu da suka mutu, kekunan yara, ragowar kwanon rufi, gwangwanayen fenti. Kaji suka mai da kujerar baya wurin ƙwai, ɓeraye suka cinye wayoyi. 'Yan gwangwan sun yi sallama ya fi a ƙirga, kowa da tayinsa. Ban taɓa iya buɗe baki na ce na sallama ba. A ƙarshen 2021 na fitar da kayan nan waje, na share daidai inda mutum zai iya tsugunawa, na ce bismillah.

Godiyata ta farko bayan ta Allah ga uwargidana take. Hajiya, shekara 3 kina shanya a gefe guda na tsakar gida saboda ƙarafuna sun cinye ɗaya gefen. Robobinki na wanki na mai da su na wanke kayan inji da kalanzir, gwangwanayen madararki duk na kwashe na zuba notuna. Warin fetur ya shiga har ɗakin girki. Ranar da na ga kuɗin ya yi yawa na ce zan haƙura, ke kika ce mini, "Alhaji, motar da ta kai ni haihuwar 'ya'ya biyar ba za a sayar da ita a kilo ba." Maganar nan ce ta mai da ni rumfa washegari. Allah Ya saka miki da Aljanna.

Sai Baba, dattijon bakanike da ya yi aiki a kamfanin Steyr na nan Bauchi tun ana haɗa manyan motoci da taraktoci, daga baya ya buɗe garejinsa ya shekara da shekaru a kan Fijo. Yanzu idonsa ya yi rauni ƙwarai, sai jikansa ya riƙo hannunsa. Na je gaishe shi ne kawai na nemi shawara, sai ya ce a kawo shi ya taɓa ta. Daga ranar, duk Asabar da Lahadi yana kan benci a rumfata, ni ina riƙe da sifana, shi yana ba da umarni.

Injin ya daskare, fistin sun manne saboda tsatsa. Ni da na so in sa dogon ƙarfe in murɗa da ƙarfi. Baba ya hana. Ya sa muka riƙa ɗura man gas da baƙin mai ta ramukan filogi, muna jira, kusan mako shida, kullum a ɗan gwada a bari. Da muka cire tof, ya riƙe hannuna ya ce kada in kuskura in juya injin sai an danne silib, domin silib ɗin 504 zura su ake yi cikin bulok, ruwa yana zagaye su, idan suka ɗaga ko kaɗan abin da ya toshe gindinsu ya tashi aiki, ruwa zai sauka cikin mai. Wannan ilimi ne da yaran gareji na yanzu da yawa ba su gada ba, kuma ba laifinsu ba ne, motocin da ke zuwa hannunsu na kwamfuta ne. Shi ya koya mini ɗaure tof daga tsakiya zuwa gefe, kaɗan-kaɗan, a kuma sake bi bayan injin ya ɗan yi aiki. Kafiretar Solex kuwa da kunne ya saita ta. Ya sa na riƙa juya sukuru a hankali, ya karkata kai yana saurare, can ya ɗaga hannu ya ce, "Tsaya nan, ɗana, ta daidaita." Ban taɓa ganin abu irin wannan ba, kuma ina ganin ba zan sake gani ba. Na kai masa ambulan sau uku yana mayar mini. Abin da ya roƙa ɗaya ne, in ta tashi a kai shi masallacin Juma'a a cikinta.

Neman kaya shi ne ya fi cin rai, tunda an daɗe da daina haɗa 504 a Kaduna. Ƙanina da ke can ya yi sawu a Panteka har ya san masu rumfuna da sunayensu. Wani direban layin Kano, wanda ban haɗa komai da shi ba sai gaisuwa, shi ya samo mini lagireto da distiribito a Ƙofar Ruwa, kuma bai karɓi kuɗin ɗauko ba. A farkon 2023, lokacin da takardar kuɗi ta yi wuya, wani mai sayar da kayan gyara ya ba ni ringi da gaskit bashi, ya ce in biya in hali ya yi. Akwai kuma wanda ya sayar mini da tof mai tsaga da aka shafe da fenti, sai da muka ɗaura muka gane. Aikin wata biyu ya koma baya. Na yafe masa, ina dai roƙonsa kada ya yi wa wani.

Mai walda ya yanke ƙasan motar inda tsatsa ta cinye ya sa sabon ƙarfe, yana zuwa da daddare idan an kawo wuta. Mai rewaya ya sake wayoyin gaba ɗaya. Mai kushin da mai fenti sun yarda sun yi aiki a cikin wannan ƙunci, ana ɗaga buhu a ajiye gwangwani, aka mai da ita fara kamar yadda na saye ta. Na gode muku duka.

Maƙwabcina na hannun dama, kai ba zan iya biyanka ba. Ranar da jak ya zame motar ta danne mini hannu, kai ka ji ihun yara, ka tsallako katanga, ka sa kafaɗa kai da samarin layi kuka ɗaga. Ka kai ni asibiti, ka zauna har aka ɗaure yatsun. Bayan na dawo ka kawo mini guntayen katakon maɗaci guda huɗu ka ce kada in sake shiga ƙarƙashinta sai an tokare. Har gobe da su nake aiki. Ina roƙon duk mai gyara a gida ya ji wannan, jak kaɗai ba abin dogaro ba ne.

'Ya'yana sun yi ta turo abin da ya sawwaƙa ba tare da na tambaya ba, ko da yake na san wasunku sun fi so in sayi ƙaramar mota ta zamani in huta. Jikana ɗan shekara 11 shi ne mai riƙe tocila, yanzu ya san sifana 10 da 13 ba sai ya duba ba. Allah Ya yi muku albarka.

Ranar Juma'ar, Baba ya zauna a gaba da farar riga, Hajiya da jikoki suka rako mu har ƙofa. Muka bi ta Wunti a hankali, 'yan acaɓa suna ɗaga hannu, wani dattijo ya biyo mu da sauri don kawai ya shafa bodinta ya ce mahaifinsa ya yi irinta. Muka yi salla a babban masallaci kusa da fadar Sarki. A hanyar dawowa Baba bai ce komai ba, hannunsa na kan dashbod, sai da muka iso ƙofar gidansa ya ce bawul ɗaya yana ɗan ƙara, in kawo ta ranar Asabar.

Wanda na manta ban ambata ba ya yafe mini, Allah Ya san shi, Shi zai biya. Saura agogon dashbod bai tashi ba, kuma ina neman gilashin fitilar baya ta hagu, na asali. Wanda ya san inda zan samu ya taimaka ya sanar da ni. Mai son ganinta kuma, ina rumfa kullum bayan la'asar.

Wassalamu alaikum.