Lokacin kaka a Viyana: gidan opera ba ya jiran wanda ya makara

Duk ma'auratan da ke son su riƙa fita kallon kiɗa da opera (wasan kwaikwayon da ake yi da waƙa) a Viyana, babban birnin Ostiriya, tsakanin Satumba da Nuwamba, takarda biyu za su ajiye a gabansu kafin su sayi tikiti: jadawalin wasanni da jadawalin salla. Ni da maigidana mun yi kakar nan kusan kowane ƙarshen mako muna waje, kuma abin da ya fi cin mana kuɗi da rai daga rashin haɗa takardun nan biyu ya fito.

Manyan gidajen opera na birnin suna hutu a Yuli da Agusta, su dawo a farkon Satumba. Lokacin kowa na ɗokin komawa, mu ma haka. Muka sayi kujeru biyu masu kyau a ɗaya daga cikin gidajen, wasan ƙarfe bakwai da rabi na yamma, a tsakiyar Satumba. Rana ta faɗi wajen ƙarfe bakwai, muka yi magariba a gida, muka hau jirgin ƙarƙashin ƙasa, muka iso da mintuna kaɗan bayan an fara. An rufe ƙofa. Mai tsaron ƙofar ta yi mana magana cikin ladabi, ta ce sai an je hutu. Da aka duba takardar shirin, ashe wasan babi ɗaya ne tal, babu hutu a cikinsa sam. Kuɗin kujeru biyu ya tafi, ba a mayarwa, ba a canja rana. Har yau idan na tuna sai raina ya sosu, domin abu ne da kallo ɗaya a shafin wasan zai hana shi.

Ga abin da za a duba. A shafin kowane wasa ana rubuta lokacin farawa, lokacin tashi, da yawan hutu. In kun ga an rubuta keine Pause, to babu hutu, wanda ya makara ya rasa duka. Wasannin Elektra da Salome na Richard Strauss haka suke, kowanne kusan awa ɗaya da minti arba'in a jere. Das Rheingold na Wagner kusan awa biyu da rabi ne babu tsayawa. Ko wasan da ke da hutu ma, babin farko yakan kai awa guda ko fiye, kuma a zaure za ku yi shi, in an yi sa'a akwai allon talabijin da ke nuna dandamali. Dalilinsu a fili yake: mawaƙan ba sa amfani da lasifika, muryar ƙirjinsu ce ke ratsa makaɗa sama da sittin ta kai har bene na ƙarshe, layukan kujeru kuma a matse suke, mutum biyu za su tayar da mutum goma kafin su zauna. Na yarda da dalilin. Yardar dai ba ta dawo da kuɗin ba.

Lissafin rana shi ne asalin maganar. A farkon Satumba rana tana faɗuwa a Viyana wajen bakwai da rabi. Tsakiyar wata ta dawo bakwai da 'yan mintuna, ƙarshen wata shida da rabi da ɗoriya, tsakiyar Oktoba kuma shida da 'yan mintuna. Yawancin wasannin yamma ƙarfe bakwai ko bakwai da rabi suke farawa. Kenan a Satumba magariba tana faɗowa ko dai daf da ɗaga labule ko a cikin babin farko, babu yadda za a yi salla a gida a kuma iso a kan lokaci. Babban masallacin birnin, wanda aka buɗe a 1979, yana can Floridsdorf a ƙetaren kogin Danube, bai yi kusa da tsakiyar gari ba. Sai Lahadin ƙarshe ta Oktoba, da aka mayar da agogo baya da awa ɗaya, abin yake warwarewa: magariba ta koma kafin ƙarfe biyar, a yi salla a natse, a ci abinci, a fita.

Da muka gane haka sai muka juya tsarin. Satumba da farkon Oktoba muka bar su ga kiɗan safiyar Lahadi da bukukuwan waje, opera ta yamma kuma muka tura ta ƙarshen Oktoba da Nuwamba. Manyan gidajen kiɗa na birnin, Musikverein da Konzerthaus, suna yawan sa kiɗa ƙarfe goma sha ɗaya na safiyar Lahadi, a tashi wajen ƙarfe ɗaya, daidai shigar azahar. Zauren zinariya na Musikverein, wanda aka buɗe a 1870, shi ne wanda ake nunawa a talabijin kowace ranar ɗaya ga Janairu, kuma da rana ya fi kyau, hasken tagogin sama yana sauka a kan ginshiƙan. A wurin kiɗan makaɗa zalla an fi sassauci, sukan bar wanda ya makara ya shiga idan an gama waƙa ɗaya kafin a soma ta gaba. Sai dai tarkon yana juyowa a Nuwamba: dogayen wasannin Wagner, masu awa huɗu zuwa biyar, ƙarfe huɗu ko biyar na yamma ake fara su, a lokacin kuwa rana na faɗuwa huɗu da kwata. Su ma a duba su da jadawalin salla a hannu.

Isowa minti goma kafin a fara ma makara ce. Ku ba kanku minti talatin. Dole a ajiye rigar sanyi da babbar jaka a wurin ajiya, kuma a kaka kowa da rigarsa, layin yana da tsawo. A jikin tikiti an rubuta Links ko Rechts, wato hagu ko dama, kuma kowane ɓangare da matakalarsa. Wanda ya hau matakalar da ba tasa ba har bene na sama, saukowa da sake hawa kaɗai za su cinye masa minti biyar. Tashar Karlsplatz, inda layukan U1, U2 da U4 suke haɗuwa, ita ce ta Staatsoper, babban gidan opera na birnin, da Musikverein, amma mafitarta suna da yawa, a bi alamar Oper in opera za a je. Volksoper kuwa, wani gidan opera, a kan layin U6 take, can nesa da tsakiyar gari. Gida biyu ne daban, a tabbatar da wanda ke jikin tikiti kafin a bar gida.

Batun kuɗi ya fi sauƙi fiye da yadda ake tsoratar da mutane. Kujerun gaba a Staatsoper suna haura Yuro 200, amma gidan yana da ɗaruruwan wuraren tsayuwa, Stehplatz, da ba su kai Yuro 20 ba. Ranar wasan ake sayar da su, kuma tagarsu tana gefen titin Operngasse, ana buɗe ta minti tamanin kafin a fara. Ku je tare, kada ɗaya ya tsaya wa ɗaya layi. Wurin tsayuwa na ƙasa, bayan kujerun tsakiya, yana kallon dandamali kai tsaye, ya fi kujeru da yawa masu tsada gani. Amma tsayuwar awa uku ce, mai juna biyu ko mai ciwon baya kada ta gwada, kuma takalmi mai tsini ba nasa ba ne. Abin da zan ja kunne a kai shi ne kujeru masu arha a ƙananan ɗakunan gefe. Zauren a lanƙwashe yake, wanda ya zauna a layi na biyu ko na uku na ɗakin gefe rabin dandamali kawai zai gani, wani ma ƙasa da haka. Ana rubuta gargaɗin a wurin saye, a karanta shi. Kowace kujera tana da ɗan allo da ke fassara waƙar zuwa Jamusanci, Ingilishi da wasu harsuna, don haka rashin jin Italiyanci ba ya hana bin labari.

A bakin gidan opera da dandalin Stephansplatz za ku tarar da samari cikin jajayen riguna irin na zamanin Mozart suna tallar tikiti. Ba na wasan Staatsoper ba ne, na kiɗan 'yan yawon buɗe ido ne, gutsure-gutsuren waƙoƙin da aka fi sani. Wanda shi yake so, babu laifi, amma ya san abin da ya saya. Da kuɗin mutum ɗaya a can, mutum biyu za su tsaya su kalli cikakkiyar opera. Mai son kyauta kuma, jami'ar kiɗa ta birnin tana komawa karatu a Oktoba, ɗalibanta suna yawan yin wasa a ƙananan zauruka ba a biyan ko sisi, kuma hannunsu ya faɗa sosai.

Kayanmu na gida suna shiga ko'ina. Maigida da kaftani, ni da atamfa ko leshi, babu wanda ya taɓa yi mana kallon banza, sai ma yabo a lokacin hutu. Abu biyu kawai. 'Yan'uwana mata, a yi ɗaurin ɗankwali ƙasa-ƙasa, domin mai gwaggwaro yana tare wa na baya dandamali gaba ɗaya, shi kuma ya biya kuɗinsa. Sannan a rage humra da turaren wuta, zaure ne rufaffe, kafaɗa da kafaɗa har awa uku. Kaka lokacin mura ne, a ɓare alewar tari tun kafin a kashe fitila, don ƙarar ledarta tana kaiwa layi biyar. Wajen yin tafi kuma a jira: a kiɗan makaɗa mai kashi huɗu ba a tafawa a tsakanin kashi, sai jagoran ya sauke hannu ya juyo. A operar Italiya ana tafa wa mawaƙi bayan babbar waƙarsa, a ta Wagner sai ƙarshen babi. Ku kuma duba hotunan shirin a shafin gidan kafin saye, domin wasu masu shirya wasa na zamani suna sa tsiraici ko abin da ba za ku so ku zauna ku kalla tare ba, ko da labarin tsoho ne.

Bukukuwan waje su suka cike mana Satumba da Oktoba, kuma a nan babu ƙofar da za a rufe wa mutum. Asabar ta farko a Oktoba akwai daren gidajen tarihi da gidan rediyo da talabijin na ORF ke shiryawa, daga ƙarfe shida na yamma har tsakar dare, tikiti ɗaya na shiga duk gidajen da ke cikin shirin. A yi magariba tukuna, a zaɓi biyu ko uku ƙanana, don layin manyan yakan ci awa. Ranar 26 ga Oktoba hutu ne na ƙasa, tunawa da dokar 'yan ba-ruwanmu da Ostiriya ta kafa a 1955, sojoji suna baje kayansu a dandalin Heldenplatz, majalisa kuma tana buɗe ƙofa ga jama'a. A ƙarshen watan ana bikin kabewa a yankin Retz, kusa da iyakar ƙasar Cek, tafiyar awa ɗaya da ɗoriya a jirgin ƙasa. Ƙauyuka suna cika da kabewar da aka sassaƙa, ga makaɗan ƙaho suna zagaye.

Sai dai yawancin bukukuwan kaka na yankin nan na manoman inabi ne, a kula da abin da ake miƙo wa mutum a kofi. Akwai wani abin sha mai duhu-duhu, mai zaƙi, da ake kira Sturm, ana sayar da shi ko'ina daga Satumba. Ido zai ce ruwan inabi ne, alhali ya riga ya fara zama giya, yana bugarwa. A nemi Traubensaft, shi ne ruwan inabi zalla, a kuma tambaya a tabbatar. Miyar kabewa tana da daɗi, musamman in an ɗiga mata koren man 'ya'yan kabewa, amma a tambaya ko da romon nama aka yi ta, ko an barbaɗa mata soyayyen naman alade. Abin da ake shafa wa burodi a rumfunan nan sau da yawa kitsen alade ne. Wanda babu shakka a kansa shi ne maroni, ƙwallon itace da ake gasawa a kan baƙar tanda a bakin titi daga Oktoba, tare da dankalin Turawa. Ana zuba shi a ƙunshin takarda, ɓawonsa a tsage, da zafinsa yana ƙona yatsa, ɗanɗanonsa kamar gasasshen dankalin Hausa. Shi muke ci a hanyar zuwa wasa, domin abin da ake sayarwa a lokacin hutu ɗan yanka ne mai tsada, layinsa kuma yakan cinye hutun.

Wajen komawa gida, daren Juma'a da na Asabar jirgin ƙarƙashin ƙasa yana aiki har safe, don haka ba a gaggawar fita ana tsaka da tafi. Daren Lahadi kuwa yana tsayawa jim kaɗan bayan sha biyu, sai motocin dare. Shaguna suna rufewa ƙarfe shida na yammacin Asabar, ranar Lahadi kuma a rufe suke in ban da 'yan kaɗan a manyan tashoshin jirgi, saboda haka cefanen mako da safiyar Asabar muke gama shi, in ba haka ba shi ma ya shiga cikin abin da zai sa a makara.