Kafin ku ɗaure kaya zuwa kasuwar baje koli

Ƙannena masu shirin kai haja baje koli a karon farko, shawarata gare ku ita ce ku kafa rumfarku a tsakar gida tun kafin ku ɗaure ko katan ɗaya, domin rashin yin haka ne ya jawo mini asara.

Shekarar da na fara kai man kaɗanya da sabulun salo da humra kasuwar baje koli ta duniya da ake ci a Kaduna, a filin Rigachikun da ke kan hanyar Zariya, na shafe makonni ina haɗa kayan sayarwa, amma ban tambayi abin da kuɗin rumfar da na biya ya ƙunsa ba. Sai da muka sauke kaya na tuna cewa ban zo da tebur ba, balle ƙyallen shimfiɗa, igiya, almakashi ko fitila mai caji. Wunin farko, wanda ya kamata in yi shi ina tarbar masu saye, ya ƙare mini a neman haya da sayen ƙananan abubuwa da tsada. Da na gwada jera kayan a gida, da kowane giɓi ya bayyana tun ina da lokacin cike shi.

Ɗaurin kayan ma na yi shi da gaggawa. Na naɗe kwalaben humra da jarida falle ɗaya, na ɗora katan-katan na sabulu a kansu, kuma ban rubuta abin da ke cikin kowanne ba. Kwalabe shida suka fashe a hanya, turaren ya jiƙa takardun da na liƙa a jikin sabulun har rubutun ya narke. Man kaɗanyar kuwa na bar shi a bayan mota cikin rana, alhali ba ya jure zafi. Ya narke, da ya sake daskarewa sai ya yi tsaki-tsaki, masu saye suna buɗewa suna mayarwa. Ku sa mai nauyi a ƙasa, ku raba kwalabe da kwali, sannan katan ɗin da za a fara buƙata ya zama na ƙarshe wajen lodi.

Ku tanadi canji da leda da rasidi, ku rubuta lambar asusunku a kwali saboda lokacin da na'urar POS za ta ƙi aiki. Fiye da komai, kada ku manta da littafin rubuta masu sari. A rana ta huɗu wata hajiya daga Damagaram ta nemi in riƙa aika mata katan ashirin duk wata, na rubuta lambarta a yagaggen kwali, da yamma aka share shi tare da shara, kuma har aka tashi kasuwar ba ta sake biyowa ta rumfata ba.