Gajiyar da barci ba ya maganinta

'Yan uwana nas-nas, abin da ya fi ba ni tsoro a aikin nan namu shi ne ranar da mara lafiya zai ce "Sista" ki ji kamar zagin ki ya yi. Ke da kika shigo jinya da tausayi fal zuciya, yau sai dai ki ce "mai gado na shida", ko sunansa ba kya son sani, ki sauka daga dutin dare ki yi barci har la'asar ki tashi gajiyar na nan daram. Kar ki ɗauka mugun hali ne ya kama ki. Tun 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta lissafa wannan cikin matsalolin da aiki ke jawowa, alamunsa uku ne, ƙarfi ya ƙare, aikin ya fita a rai, sannan mutum ya riƙa jin ba ya tsinana komai.

Abin da nake so mu gwada shi ne tara hankali wuri ɗaya. Wani malami Jon Kabat-Zinn ne ya tsara shi a asibitin jami'ar Massachusetts da ke Amurka a 1979, kwas ɗin sati takwas, tun asali ma don masu ciwon da ya ƙi ci ya ƙi cinyewa aka yi shi, daga baya aka gwada a kan ma'aikatan jinya aka ga damuwa na raguwa. Na san wasu za su ce ai daga addinin Buddha ya samo, e haka ne, amma abin da ake koyarwa a asibiti ba bauta a ciki, kuma duk mai fafutukar samun natsuwa a sallah ya san yadda hankali ke gudu ana jawo shi.

Shi kwas ɗin minti 45 yake so kullum, mu kuwa ina muka ga wannan lokacin? To ga famfo nan. Wanke hannu da sabulu yadda aka koya mana sakan 40 zuwa 60 ne, kuma sau nawa muke yi a duti ɗaya? A wannan ɗan lokacin ki bar lissafin kuɗin makarantar yara da faɗan da matiron, shugabar nas-nas, ta yi miki da safe, ki ji sanyin ruwan kawai, ki ja numfashi ki sake shi a hankali, fitar ta fi shigar tsawo, don hakan na rage bugun zuciya. Hankalin zai gudu, ki dawo da shi ba tare da kin tsine wa kanki ba, dawowar ita ce aikin. Haka kafin ki zuƙi allura, ki tsaya ki karanta sunan maganin da ido da zuciya, sau da yawa in hankali ya rabu biyu ake kuskure. In ɗan uwan mara lafiya ya ɗaga miki murya ki ce a ranki "fushi nake ji" kafin ki buɗe baki, wallahi yana rage zafin.

Amma fa shugabanni kar su fake da wannan. Numfashi ba zai mayar da nas ɗaya nas biyar ba, abokan aikinmu na ta tafiya Ingila da Saudiyya, kuma yajin aikin da ƙungiyarmu ta nas-nas da ungozomomi ta Najeriya, NANNM, ta shiga a 2025 kan ƙarancin ma'aikata da alawus ne. A ɗauki mutane, a ba mu hutunmu cikakke. Ke kuma in abin ya kai sati-sati ba kya barci, ko kina kuka ba dalili, ko kin fara jin rayuwar ta ishe ki, dan Allah ki je ki ga likitan ƙwaƙwalwa, kar ki tsaya kunyar wai abokin aiki ne.