Mako na shida: lambar Fermat ta fashe

'Yan uwa masu wannan wasa na lissafi, salamu alaikum daga Aboabo, Kumasi. Albishirinku! Lambar nan da ta hana ni barci, 4,294,967,297, ta fashe, wato na samo lambar da ke raba ta.

Ga wanda ya shigo daga baya, asalinta ke nan: a jera 2 guda 32 a ninka su, sannan a ƙara 1. Fermat, wani lauya Bafaranshe, ya ɗauka tun wajen 1640 cewa duk lambar wannan zuri'a (2 guda 1, 2, 4, 8, 16, 32 da sauransu a ninke, a ƙara 1) firam ce, wato ba mai raba ta ba tare da saura ba sai 1 da ita kanta. Yayyenta biyar, 3, 5, 17, 257 da 65,537, duk sun gaskata shi. Ta shida ce ta watsa masa ƙasa a ido, sai dai bai ga haka ba, don ya daɗe da mutuwa kafin masanin lissafi Euler ya fasa ta a 1732.

Makonni uku na farko aikin jaki na yi. Duk sa'ad da aka ɗauke wuta keken ɗinki ya tsaya, sai in jawo littafin awon kwastomomi in juya bayansa: raba da 3, da 7, da 11, da 13. Kalkuletar shagon lamba takwas kawai take ɗauka, tawa kuwa goma ce, don haka komai da biro. Na kai 101, sannan na gane cewa firam ɗin da ke ƙasa da 65,536, inda gwajin zai tsaya, guda 6,542 ne. Yarona ya leƙo ya ce, "Maigida, wannan bashin na wane ne?"

Dabarar Euler ce ta cece ni. Duk firam ɗin da zai raba wannan lamba dole ya zama ninkin 64 da ƙarin 1. Ka jera su, ka zubar da irin su 65 da 129 da ke rabuwa, sai ka ga 193, 257, 449, 577, 641. Biyar kacal! Huɗun farko sun bar saura 109, 2, 325 da 288.

A kan 641 na ji daɗin da ban iya faɗa. Ba sai ka taɓa babbar lambar ba ma. Tunda ita 65,536 sau 65,536 ce da ƙarin 1, raba 65,536 da 641, saura 154. Ninka 154 da kanta, 23,716. To 641 sau 37 kuwa 23,717 ne. Ɗaya tak ya rage, kuma shi ne ɗayan nan da aka ƙara tun farko. Na daɗe ina kallon takardar har kokona ya huce.

Amma na yi tuntuɓe a doguwar rabawa, ku kiyaye. Bayan 6 da 7 saura 2 ne. Ka sauko da 6, 26 bai kai ba, ka sauko da 7, 267 ma bai kai ba. Sifiri biyu ke nan a jere, ni kuwa na tsallake su na rubuta 67,417. Da na ninka don tabbatarwa sai lissafi ya ƙi. Amsar ita ce 641 sau 6,700,417, kuma dukansu firam ne.

Yanzu na sa ido kan 147,573,952,589,676,412,927, wato 2 guda 67 a ninke, a cire 1. Masanin lissafi Mersenne ya sa ta cikin firam a 1644, Cole Ba'amurke ya fasa ta a 1903, an ce Lahadin shekara uku ta ci masa. Masu raba ta ninkin 134 ne da ƙarin 1, amma ƙaramin cikinsu, 193,707,721, yana can a mataki na 1,445,580. Ni da ɗinkin Sallah a gabana, biro ba zai kai ni can ba. Ɗan yayata da ke jami'ar KNUST zai zo da kwamfutarsa ran Asabar. Wanda ya iya Python, yaren ba kwamfuta umarni, a cikinku ya taimaka mini da yadda zan sa kwamfutar ta riƙe saura kawai, kamar yadda na yi da 154.