Jan da ke tsagar gashinta

Yau a asibitin da nake jinyar Hajiya a Delhi na ci karo da matar nan da muka saba gaisawa, mijinta na kwance a ɗakin da ke kusa da namu. Kullum da jan garin sindur a tsagar gashinta. Yau babu, ko bindi, ɗigon adon nan na matan Indiya, babu a goshinta. Ta haɗa tafin hannu ta sunkuyar da kai, gabana ya faɗi.

A wajen mabiya Hindu, ango ne ke fara shafa wa amarya jan nan ranar aure, ba ta daina sa shi sai ya rasu. Nan take na tuna Inna lokacin takabar Baba, da ta ajiye kwalli da lalle. Ba na jin yarenta, ban iya yi mata ta'aziyya da baki ba, wallahi abin yana damuna har yanzu.