Abin da Dillancin Intanet Ya Koya Mini Game da Zaɓen Haja

Duk wanda ya shiga dillancin intanet, wato tallata hajar wani ta hanyar mahaɗi na musamman domin a ba shi la'ada idan ciniki ya faɗa, abin da yake fara ɗaukar idonsa shi ne yawan la'adar. A kayan da ake ɗauka da hannu la'ada ba ta taka kara ta karya ba. Tsarin dillancin Amazon, wanda aka soma tun 1996, kaso kaɗan yake bayarwa a yawancin kaya. A kayan dijital kuwa, irin su kwasa-kwasan bidiyo da littattafan PDF da manhajoji, ba abin mamaki ba ne a ga kashi 30 ko 50, wani lokaci har 75 cikin 100, domin da zarar mai haja ya gama haɗa ta, ba ya sake kashe ko sisi wajen miƙa wa mai saye na gaba. Wannan ne yake sa sabon shiga ya jera hajoji daga mai la'ada mafi tsoka zuwa ƙasa, ya ɗauki ta sama, yana ganin ya gama zaɓe.

Aikin ya nuna mini cewa la'adar da aka rubuta a shafi ba kuɗi ba ce tukuna. A ƙaddara akwai kwas na naira 50,000 mai la'adar kashi 50, ga kuma ɗan littafi na naira 6,000 mai la'adar kashi 40. Idan mutum 200 suka bi mahaɗin kwas ɗin, ɗaya ya saya, dillali ya sami naira 25,000. Idan mutum 200 suka bi na littafin, 14 suka saya, ya sami naira 33,600. Abin da ya kamata a auna shi ne nawa kowane mutum da aka tura shafin yake jawowa, kuma wannan ya dogara ne da aljihun mutanen da suke sauraron dillalin. A ƙasar da mafi ƙarancin albashi na hukuma tun 2024 yake naira 70,000, neman ɗalibi ko ƙaramin ɗan kasuwa ya cire naira 50,000 saboda ya ga hoto a WhatsApp ba ƙaramin abu ba ne.

Darasin da ya fi kowanne nauyi a wurina shi ne tambayar da nake yi wa kowace haja kafin in taɓa ta: shin wanda ya saye ta zai amfana da ita ko da bai taɓa sayar wa kowa ba? Dalili kuwa shi ne, kaso mai yawa na abin da ake tallatawa a ƙasar nan kwasa-kwasai ne da suke koyar da yadda ake dillancin kansa. Mutum ya biya kuɗi ya koyi yadda zai tallata kwas, sai ya tarar cewa kwas ɗin da ya fi sauƙin tallatawa shi ne wanda ya saya yanzu, sai shi ma ya shiga neman wanda zai saya domin ya mayar da kuɗinsa. Ban ce dukansu damfara ba ne, domin akwai waɗanda suke koyar da rubutun talla da sarrafa tallan Facebook da gaske. Amma idan aka duba da kyau, kuɗin yana zagayawa ne tsakanin masu neman kuɗi, babu wani tela ko manomi ko ɗalibi a ƙarshen layin da matsalarsa ta warware. Irin wannan kasuwa tana cika da wuri. A unguwa ɗaya sai ka ga matasa da yawa suna ɗora hoto iri ɗaya, da alat ɗin banki iri ɗaya, suna farautar mutane iri ɗaya. Jama'armu kuma ba su manta da MMM, tsarin zuba kuɗi mai alkawarin riba mai yawa, da ya rufe asusun mutane a Disambar 2016 ba, ballantana CBEX da ya durƙushe a Afrilun 2025, saboda haka duk tallan da ya fara da alkawarin samun miliyoyi cikin wata guda, tun kafin a karanta shi an sa masa alamar tambaya. Hajar da take da mai saye na gaskiya daban take: manhajar atisayen jarabawar JAMB, kwas na koyon Excel ga mai neman aikin ofis, darasin yankan ɗinki, littafin kiwon kaji, koyon ɗaukar hoton kaya da waya ga matar da take sayar da turaren wuta ko atamfa daga gida. Waɗannan mutane suna da buƙatarsu tun kafin dillali ya iso.

Daga nan sai maganar ganin haja da ido. Dillalin shanu a kasuwar Wudil ba ya yabon sa bai buɗe bakinsa ya duba haƙora ba, domin ya san mai saye zai dawo mako mai zuwa, kuma shi zai nema, ba mai san ba. Na taɓa sayen wani kwas na koyon zanen kwamfuta domin in duba shi kafin in tallata. Shafin tallansa ya tsaru, la'adarsa rabi ce cif. Da na buɗe a waya, sai na tarar bidiyoyin manya ne ƙwarai, ba a iya sauke su a ajiye, dole sai an kalla kai tsaye; malamin yana zuba Turanci da sauri, yana aiki da manhajar da ba ta hawa sai a kwamfuta mai ƙarfi; rukunin Telegram da aka ce ana amsa tambayoyi kuwa, saƙon ƙarshe da mai kwas ɗin ya amsa ya yi watanni. Ga wanda yake da kwamfuta da intanet mara yankewa, kwas ne mai kyau. Ga mutanen da suke bibiyata, waɗanda galibinsu ƙaramar wayar Android ce jarinsu, suna lissafin data suna jiran a kawo wuta, kuɗinsu ne zai tafi a banza. Babu alƙaluman da za su nuna wa mutum wannan. Sai ya shiga ciki. Idan babu halin saye, a nemi mai hajar ya ba da damar dubawa, kuma yadda ya amsa wannan buƙata ma wani ma'auni ne na halinsa.

Akwai kuma hanyar kuɗi, shigarsa da fitarsa, wadda yawancin masu koyarwa suke tsallakewa saboda darussansu daga Amurka aka kwaso su. ClickBank, kasuwar kayan dijital da aka kafa a 1998, ita ce ake yawan kafa misali da ita, alhali ta daɗe ba ta buɗe wa mazauna Najeriya asusu, kuma PayPal, dandamalin aikawa da karɓar kuɗi ta intanet, ya shafe shekaru yana barin 'yan Najeriya su aika kuɗi amma ba su karɓa ba. Masu ba da shawarar a yi rajista da adireshin wata ƙasa ba sa faɗin cewa ranar da aka gano, asusun da abin da ke cikinsa ne za a rufe. Wasu sukan koma Digistore24 na Jamus, wasu kuma su tsaya a gida, a dandamali irin su Selar, wanda aka kafa a 2016, ko Expertnaire mai karɓar kuɗin rajista na shekara. La'adar dala tana da daɗi, musamman tun da aka saki farashin naira a Yunin 2023 dala ta haura naira 1,500 a shekarar da ta biyo baya, amma wannan tashin ne kuma ya sa hajar dala 47 ta gagari mai saye na gida. Daga 2022 bankuna da dama sun dakatar da amfani da katin naira a shafukan waje, sai a 2025 wasu suka dawo da shi da iyaka. Hajar da ba a iya biyan kuɗinta da tiransifa daga OPay ko Moniepoint ko asusun banki na yau da kullum, rabin cinikinta a shafin biya yake mutuwa.

Alƙaluman da dandamali suke nunawa suna da amfani idan an san abin da suke aunawa. Ma'aunin da ClickBank ke kira Gravity yana lissafa yawan dillalan da suka sami la'ada daga haja cikin makonni 12 da suka wuce; idan ya yi sama sosai, haja tana tafiya amma gogaggu sun cika filin, idan kuma ya yi ƙasa ƙwarai, ko dai ba a gwada ta ba, ko kuma ba ta tafiya. Sai a duba wa'adin mayar da kuɗi, wanda a can yakan kai kwana 60, domin duk cinikin da aka warware, la'adarsa ma akan ƙwace. Sai tsawon lokacin da mahaɗi yake riƙe sunan dillali: na Amazon awa 24 ne kacal, alhali mai sayenmu yakan ga talla yau, ya yi shawara da yayansa, ya jira albashi ko kwasar adashi, sannan ya dawo.

Na kuma lura cewa haja ɗaya da aka sani ciki da waje ta fi goma da aka haddace sunayensu. Sabon dillali ba shi da kuɗin talla, abin da yake da shi mutanen da ke cikin wayarsa ne: 'yan uwa, abokan makaranta, maƙwabta, mutanen da zai haɗu da su a masallaci ko wurin biki. Shi ya sa nake faɗa a fili cewa ina da la'ada a cikin abin da nake tallatawa, in kuma faɗi wanda hajar ba ta dace da shi ba. Hadisin da Muslim ya ruwaito cewa wanda ya yi mana algus ba ya cikinmu bai ware kasuwar intanet ba, kuma ɗora alat ɗin da ba naka ba domin a ɗauka kana samu, algus ne ƙarara.

A 'yan kwanakin nan na fi karkata ga hajojin da ake sabunta biyansu duk wata ko duk shekara, kamar manhajar lissafin shago ko hayar mazaunin shafin intanet, domin wasunsu suna ci gaba da ba da la'ada muddin mai saye bai daina biya ba. Kason yakan yi ƙasa da na kwasa-kwasai, kuma watannin farko sai an yi haƙuri. Ina kuma duba lokaci, domin kayan jarabawa suna tafiya ne daga buɗe rajistar JAMB zuwa ranar zama, darasin ɗinki da na girke-girke kuma gabanin azumi da Sallah. Kowace haja da na ɗauka ina buɗe mata shafi a littafi, in rubuta mutum nawa suka bi mahaɗi, nawa suka saya, nawa suka dawo da ƙorafi da kuma abin da suka ce, sannan bayan wata guda in yanke ko zan ci gaba da ita ko in ajiye.