Kwamfaresa biyu na ƙona kafin na gano inda iska ke zurarewa

Da na cire sifirin ɗin a-kori-kurata na sa mata jakunkunan iska, burina bai wuce ɗaya ba: in danna maɓalli ta kwanta har ta kusa shafar ƙasa, in sake dannawa ta miƙe mu kama hanya. Makonnin farko abin sai wanda ya gani. Daga baya ne na fara fitowa da safe ina tarar da ita a karkace, ɓangaren hagu na baya ya durƙusa kamar raƙumi.

Saboda gaggawa sai na ɗora wa kwamfaresa, wato injin da ke cika tankin iskar jakunkunan, laifi, tunda ita nake ji tana gurnani ba hutawa. Da ta ƙone na sa sabuwa. Ita ma ba ta yi wata biyu ba ta bi 'yar'uwarta. Ashe baiwar Allah aikinta kawai take yi. Makunninta yana tayar da ita in iskar tanki ta sauka zuwa psi 110 (psi ma'aunin matsin iska ne), ya kashe ta a 145, kuma irin tawa an ƙera ta ne ta yi aiki kashi 33 cikin 100 na lokaci, sauran ta huce. To ina hutu, alhali tankin yana yoyo?

Wani dattijon bakanike ne ya fitar da ni. Bai ko taɓa sifana ba. Ya kaɗa sabulu a ruwa, ya zuba a kwalbar feshi, ya miƙo mini. "Yaro, bi kowace mahaɗa ka fesa, kada ka tsallake ko ɗaya." Na ce, "To, Baba." A bakin tanki kumfa ta taso tana kumbura a hankali, ƙanana-ƙanana kamar ƙwan kwaɗo. A kan jakar hagu ma haka. Da ya zare tiyon ya nuna mini bakinsa sai kunya ta kama ni: da filaya na yanke shi, ya fita a karkace, ya kuma ɗan matse, don haka robar da ke cikin mahaɗar ba ta kama shi sosai ba. Ya sa reza mai kaifi ya yanke shi daidai, ya tura har ya zauna. Shi ke nan.

Tunda muna ƙarƙashin motar, sai muka ci gaba da dubawa. Jakar dama tana gogar shasi duk lokacin da motar ta kwanta, har wurin ya yi sulɓi yana ƙyalli. Saura ƙiris ta fashe. Wani tiyo kuma na bi da shi dab da salansa, zafi ya fara tausasa shi. Da muka buɗe magudanar ƙasan tanki, ruwa ne mai launin tsatsa ya tsiyayo, domin iskar da aka matsa tana barin raɓa idan ta huce, raɓar nan kuma ita ke sa bawul ya riƙa maƙalewa.

Tayoyin gaba su ma sun cinye ta ciki, saboda an yi mini alaimen motar tana sama, ni kuma a ƙasa-ƙasa nake tuƙi. Na mayar aka sake yi a daidai tsayin da nake tafiya.

Yanzu duk mako nakan zubar da ruwan tanki, kwalbar sabulun kuma tana bayan kujera. Kwamfaresa ta uku ta shiga shekara ta biyu.